Procurement: sayayya ce, kwangila ce, ko cefanen gwamnati?

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Jiya da dare ina rubuta labarin kwangilar da hukumar lafiyar Ingila, NHS, ta bai wa kamfanin Palantir na Amurka a Nuwamban 2023, ta fam miliyan 330 a shekara bakwai, don a haɗe bayanan asibitoci wuri guda. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: procurement.

Da farko na rubuta "sayen kayayyaki", yadda muka saba in ana maganar hukumar BPP ta Abuja mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, wadda dokar 2007 ta kafa. Sai na goge. Wane kaya? Ba gadon majinyata ba ne, ba sirinji ba. Manhaja ce, kuma ta fi kama da haya: ranar da ka daina biya, ranar za a rufe maka ƙofa.

"Kwangila" ma ba ta isa ba, don ita ƙarshen tafiya ce. Kafin a kai gare ta sai an tantance buƙata, an yi shelar neman masu tayi, an auna tayin kowa, sannan a zaɓa, a kuma bi sawun aikin. Duk wannan hanyar ake nufi.

Wata yayata da na tura wa tambayar ta ce in sa "cefanen gwamnati". Na yi dariya, daga baya na ga ba wasa take ba. Uwargida ta faɗi abin da babu, maigida ya ba da kuɗi, a aiki yaro kasuwa, ya dawo a zazzage leda a nemi canji. Yaya, wallahi kin kusa. Abin da ya hana ni shi ne kunnen mai sauraro ya riga ya saba da "cefanar da kamfanonin gwamnati", wato sayar da su. A Ingila kuwa wannan na cikin abin da masu adawa da kwangilar Palantir ke tsoro, a cefanar da NHS. In na sa cefane, wani zai ɗauka an gama sayarwa.

"Sayen hukuma" kuma na yar da shi nan take. Ji yake kamar an sayi hukumar da cin hanci.

Inda na tsaya: tsarin sayayyar gwamnati. Doguwa ce, na sani, amma "tsari" ne ke ɗauke da nauyin hanyar gaba ɗaya, "sayayya" kuma ba ta tilasta mana ambaton kaya.

To, ga wadda ta fi wuya. Ya za a faɗi rawar minista a ciki ba tare da an yanke masa hukunci ba? Ka ce "da hannun minista", ka riga ka kama ɓarawo. Ka ce "ya sa hannu", wani zai zaci biro ya ɗauka ya rattaba, alhali NHS ce ta ƙulla kwangilar. "Katsalandan" da "shisshigi" zargi ne tsagwaronsa. "Sa ido" kuma wanke shi ka yi, don aikinsa ne.

Kuma kowacce tana da inda ta dace. A Fabrairun 2021 babbar kotun Ingila ta ce ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya saɓa doka da bai wallafa bayanan kwangilolin korona cikin kwana 30 ba. Wannan sakaci ne wajen bin ƙa'ida. A Janairun 2022 kotun ta haramta hanyar nan ta musamman da aka buɗe wa kamfanonin kayan kariya daga korona da ministoci da 'yan majalisa suka gabatar. Wannan Bahaushe yana da sunanta tuntuni: layin alfarma. Shi kuwa Palantir, da kwangilar fam ɗaya tak ya shiga NHS a 2020, kafin shekarar ta ƙare ya samu ta fam miliyan 23. Tambayar da ake yi a nan ita ce wa ya buɗe ƙofar.

Ni dai na rubuta "sa bakin minista", don baki ana sa shi a gyara, ana sa shi a ɓata. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fama da takwararta ta Faransanci, marché public, me kuke cewa a rediyo?