Kurajen fuska: mene ne nanoemulsion?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Man adapalene, maganin kurajen fuska da likita ya rubuta wa ƙanwata, yana busar mata da fuska har tana saɓa. Ta ji ana maganar nanoemulsion. Don Allah mene ne shi?

Ɗalibin Famasi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai da ruwa ake haɗawa da maganin a ciki, a farfasa ɗigon man ya koma kamar nanomita 20 zuwa 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ƙanƙantarsa ke sa maganin ya shiga ramin gashi, inda maiƙo ke toshewa kuraje su fito. Ana fatan hakan zai rage raɗaɗi, amma yawancin irin waɗannan magunguna bincike ake yi a kansu har yanzu.

Anti Nas: Kafin nan, ta shafa kaɗan da dare, ta bi da man laushin fata. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin sauƙi. Mai ciki kada ta shafa.

Maman Hanifa: Na gode, Anti. Zan faɗa mata.