Sensa ta tana ganin ƙarfe amma ta ƙi ganin gwangwanin alminiyom

Salam 'yan uwa masu aikin lantarki, dan Allah a taimaka min, yau kwana uku kenan ina fama. Na haɗa wa wani oga injin ƙirga gwangwanin lemo a kan bel, na sa sensa mai gano ƙarfe LJ12A3-4-Z/BX, irin NPN ɗin nan (mai ba da sigina ta ɓangaren negetif) da aka rubuta 4mm a jikinta, wato nisan da take iya gano ƙarfe. Waya ruwan ƙasa na kai 24V, shuɗiya na kai negetif, baƙar kuma ta shiga PLC, wato na'urar da ke sarrafa injin. In na kawo sifana ko ƙusa kusa nan take fitilar bayanta take kamawa, amma gwangwani sai ya wuce goma ta ƙirga uku ko huɗu, wallahi har na fara zargin jabu aka sayar min.

Wani abokina ya ce ai wannan 4mm ɗin da baƙin ƙarfe ake aunawa, alminiyom ko rabin haka ba ya kaiwa. To na matso da ita sosai, sai gwangwani ya riƙa bugun kanta tunda bel ɗin yana rawa.

Shin in sayi babbar sensa M18 (mai kaurin 18mm) mai nisan 8mm zai isa, ko dai in haƙura in koma mai aiki da haske? Oga ya matsa min lamba.