Doki ya fara dawo min da ɗana, yanzu ya sake kulle kansa

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimake ni da shawara. Ɗana shekararsa 15. Wata bakwai ke nan da rasuwar babansa. Ina cikin takaba ban lura da shi ba, gida cike da 'yan gaisuwa, ga maganar gado da har yau ba a gama ba, dangin uban na cewa a sayar da gidan, ni kuma ban san inda zan nufa da yara huɗu ba. Kafin in farga yaro ya daina magana. Baffansa na da dawaki uku, ya ce a riƙa turo shi bayan la'asar. Sati biyar, wallahi na ga canji: zai dawo riga duk gashin doki, yana ba ni labarin wani doki kili har da dariya. Ranar Asabar ya ɗebi gero kwano biyu ya ba dokin a ɓoye. Doki ya kwana yana birgima, mai kula da bargar ya mari Abba a gaban yara. Dokin ya tashi, amma yau kwana shida Abba bai fito ba. In tilasta masa ya koma ko in ƙyale shi?

Baban Barga: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ji ƙan maigida. Laifin na wanda bai koya masa ba ne. Doki ba ya amai, cikinsa kuma ƙarami ne. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya yana tsami a hanji, ya kawo kumburi da murɗa, wani lokacin har ya sauka a kofato. Yaro ya ba shi ne don ƙauna. Ya koma, amma da tsari. Doki ɗaya tak, mai sanyin hali, ban da ingarma mai tashe. Awa ɗaya, kwana uku a sati, lokaci ba ya canzawa. Satin farko babu hawa: ya tunkare shi ta kafaɗar hagu yana magana a hankali, don doki ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, daga nan harbi ke zuwa. Ya goge shi daga wuya zuwa gadon baya, ya taje geza, ya duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya. Sati na biyu ya ja shi da ragama, ya tsaya, ya juya. Nan amfanin yake: in hannun yaro na rawa, doki zai ɗaga kai ya ja baya, in ya sauke numfashi, doki ya sauke kai. Da idonsa zai ga natsuwarsa tana aiki.

Malama Nas: Hajiya ba ki faɗa mana ba, yana cin abinci? Yana barci? Ya taɓa cewa gara ya bi babansa? In ya faɗi haka, yau za ki kai shi asibiti. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na duba irin wannan. Gaskiya ne wani bincike na Jami'ar Jihar Washington a Amurka a 2014 ya ga sinadarin damuwa, kotisol, ya ragu a jikin yaran da suka yi makonni suna aiki da dawaki. Amma yara ne 'yan makaranta masu lafiya, kuma da ƙwararru a kansu. Doki taimako ne, ba ya maye gurbin likita.

Maman Abba: Ɗana ba mahaukaci ba ne Malama. Yana ci kaɗan-kaɗan. Ni dai na san abin da na gani a sati biyar ɗin nan.

Abu Hanifa: Ki cire shi gaba ɗaya. Daga barga sai kilisa, daga kilisa sai abokan banza. Dubi yadda suke sukuwa a kan kwalta ranar Lahadi, ba hular kwano, suna banke mutane, ba mai tsawata musu. Iyayen ma tafi suke yi.

Baban Barga: Malam, kilisar titi daban, kiwon doki daban. Abin da ya lalace shi ne an bar barga a hannun waɗanda bulala kawai suka sani, harawa ta yi tsada sai a cika doki da dusa. Hajiya, baffan ya zo da kansa ya ce wa yaron dokin ya warke, kuma ya ba shi aikin awo: shi zai auna hatsi da gwangwani ɗaya, kashi biyu ko uku a rana, ciyawa kafin hatsi, ruwa lita 30 zuwa 40, ya fi haka lokacin zafi. Wanda ya yi marin kuma kada a sake barin su su biyu. Sannan a yi wa yaron allurar tetanus kafin ya koma.

Malama Nas: Ban ce mahaukaci ba ne Hajiya. Ciwon damuwa na kama matasa bayan rashi, kuma yana da magani. Ba ki amsa maganar barcin ba.

Maman Abba: Ba zan iya sa baffansa ya zo ba, da wannan maganar gidan a tsakaninmu. Kuma mai kula da bargar shekara ashirin yana tare da su, wa zai ce masa ya matsa? Ɗazu na leƙa, na ga ragamar da ya saya da kuɗin da ya tara a ƙarƙashin filo. Akwai wanda ya san wata bargar da za su karɓe shi?