Baƙona ya ishe ni da labarin titin Lombard, ina zan kai shi a Jos?

Hajiya ta Rikkos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanin maigidana zai zo daga Amurka ran Juma'a, ta Abuja zai sauka. Tun a waya ya cika mana kunne da wani titi a San Francisco wai shi Lombard, wai duk duniya babu mai kwana-kwana irinsa. Ina zan kai shi a nan ya yi shiru?

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba sai kin wahalar da kanki ba. In dai a mota zai taho ta Akwanga, Hawan Kibo, hanyar nan mai kwana-kwana da ke hawa tsauni kafin Jos, shi ne zai tarbe shi kafin ke.

Malam na Naraguta: A yi wa baƙo adalci dai, titin nasu abin kallo ne. Kwana 8 ne a jere a cikin layi ɗaya tak, an shimfiɗe shi da jan bulo, ga furanni dama da hagu. A 1922 aka lanƙwasa shi haka, saboda gangaren ya fi ƙarfin motocin wancan zamanin in aka bar shi a miƙe. Sauka kawai ake yi, ba a hawa, kuma gudun da aka yarda bai wuce mil 5 a awa ba. Masu tafiya a ƙasa suna da matakala ta gefe. Amma ki tsokane shi da wannan: a cikin garin nasu ma akwai masu cewa titin Vermont ya fi shi karkacewa, furanni da 'yan hoto ne kawai suka ɗaga Lombard.

Hajiya ta Rikkos: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan na Vermont ɗin na riƙe shi gam.

Kawu Direba: Ku tsaya tukuna. Ina jin kuna haɗa Hawan Kibo da wurin ɗaukar hoto, hankalina bai kwanta ba. Can titin unguwa ne, an yi masa kwalliya, mota tana rarrafe. Namu babbar hanya ce da tirela da tankar mai suke hawa suna nishi, baƙin hayaƙi na tashi, yaron mota ya diro da katako a hannu yana bin taya. Mai saukowa kuma in birki ya yi zafi, ƙaurinsa za ka fara ji kafin ka ga motar. Hajiya, ki faɗa wa direbansa: kada ya tsaya a kan kwana don baƙo ya ɗauki hoto, kada ya sha gaban tirela inda ba ya hango gaba, kuma ran komawa ya sauka a giya lamba biyu, ya daina dogara da birki kaɗai. Da damina hazo kan rufe wurin, gara su baro Abuja da sassafe su hau da rana tsaka.

Anti ta Abuja: Gaskiyar Kawu ce. In tsayawa ake so, a tsaya a ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, yana nan kusa da hawan, a gefen hanya. Sai dai duwatsun suna da santsi, ban da takalmi mai tsini. In sun haye kuma ga duwatsun Riyom, waɗanda aka ɗora kamar da hannu.

Ɗan Gangare: Ni kuwa washegari ku ba ni shi. Mu ajiye mota mu shiga lungunan Gangare da Dilimi a ƙafa, tsofaffin unguwanni tun zamanin haƙar kuza. Babu wanda ya zana su a takarda, gida ne ya bi dutse, lungu ya bi gida. Zai ƙirga kwana har ya gaji.

Malam na Naraguta: Ku ƙarasa da shi gidan tarihi, tun 1952 yake. Ya ga gumakan Nok, ya zaga baya ya ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina da ƙasa.

Anti ta Abuja: Hajiya ki ce ya taho da rigar sanyi fa. Masu zuwa daga Turai da Amurka su ne suka fi raina sanyin Jos, sai dare ya yi ka ji suna neman bargo.

Hajiya ta Rikkos: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu, saƙonka na tura wa direban yadda yake. Ɗan Gangare, Asabar da hantsi ta yi maka?

Ɗan Gangare: Ta yi, amma bayan ƙarfe goma, ina da ɗaurin aure da safe.