Neman shawara: gidan haya ɗaya a Ostiriya zai haɗa mana ƙauye, keke da zamiyar ƙanƙara?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kama gidan hutu a Turai. Muna shirin zuwa Ostiriya na kwana goma, ni da maigida da yaranmu uku, masu shekara 14 da 10 da 6, sai Hajiya mahaifiyarsa. Otal bai yi mana ba, domin sai mun kama ɗaki uku, kuma mun fi son inda za mu riƙa dafa abincinmu da kanmu.

Matsalar ita ce kowa da abin da yake so. Maigida keke ne a ransa, yara sun ƙwallafa rai sai sun yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, ni da Hajiya kuwa ƙauye muke so, inda babu hayaniya. Na ga wani gida a cikin gona, a gefen tsauni kusa da garin Zell am See. Hotunansa sun yi kyau matuƙa, kuɗin kuma da sauƙi. Mai gidan ya ce in na tura masa kuɗi ta banki kai tsaye, ba ta manhajar da na gan shi ba, zai rage mini. Wane wata ya kamata mu je don kowa ya samu nasa? Gidan ya dace da mu? Kuma in tura kuɗin?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki ajiye maganar gida tukuna, ku fara yanke shawarar lokaci, don taura biyu ba ta taunuwa. Zamiya a yawancin tsaunukan Ostiriya daga Disamba ne zuwa farkon Afrilu. Keke kuma yana daɗi daga Mayu zuwa Satumba. Gidan da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba: mai zamiya yana neman kusa da tashar motar igiya da ke hawa tsauni, mai keke yana neman ƙasan kwari inda hanya take a miƙe. Gidan da ke gefen tsauni kuwa, a hunturu hanyarsa santsi, a lokacin zafi kuma duk wanda ya fita da keke sai ya ƙare yininsa da hawan tudu. Yaro mai shekara 6 ba zai iya wannan hawan ba. Ni a ganina ku zaɓi abu ɗaya bana, ɗayan ku bar wa wata shekara.

Anti Rabi:
Kada ki tura kuɗin nan, ƙanwata. Ban ce mutumin ɓarawo ne ba, akwai masu gidaje na gaskiya da ke gudun kamashon da manhajoji ke cira. Amma da zarar kin fita daga Booking.com ko Airbnb kin biya a gefe, ba ruwansu da ke in abu ya lalace, kuma kuɗin da aka tura ta banki da wuya ya dawo. Haka 'yan damfara ke yi: su kwashi hotunan gidan wani, su sa farashi mai araha, su ce ki yi sauri wani na jira. In kina son hulɗa da mai gida kai tsaye, ki nemi gidan a shafin ofishin yawon buɗe ido na garin, ko na ƙungiyar manoman da ke karɓar baƙi, Urlaub am Bauernhof. Su furanni suke bai wa gidaje a matsayin daraja, kamar yadda ake bai wa otal taurari. In gidan yana nan da adireshi ɗaya da lambar waya ɗaya, to kin samu ƙafar tsayawa. Ko a hakan ma kafin alƙalami kawai za ki bayar, bayan ya turo miki takardar tabbaci mai ɗauke da ranaku da jimillar kuɗi.

Malam Auwalu:
Baban Khalifa, gaskiya ka faɗa a kan yawancin wurare, amma inda ta zaɓa ɗin nan yana cikin 'yan wuraren da abin ke haɗuwa. Garin Kaprun na nan kusa da Zell am See, tafiyar mintuna kaɗan a bas, kuma a samansa tsaunin Kitzsteinhorn yake, mai tsayin mita 3,203. Akwai daskararriyar ƙanƙara a kansa wadda ba ta narkewa gaba ɗaya, shi ya sa ake fara zamiya a can tun Oktoba a ci gaba har cikin Mayu. Shi kuwa garin Zell am See yana ƙasa, wajen mita 750 daga tsayin teku. Saboda haka a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu mutum na iya yin zamiya da safe a sama, ya sauko da la'asar ya zagaya tafkin da ke gefen garin a keke, zagayen bai wuce kilomita 12 ba. Hanyar keke ta Tauern ma ta nan ta bi: ta taso daga Krimml, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 380, ta bi kogin Salzach ta wuce Salzburg har Passau a Jamus. Maigidanki zai samu abin takawa har ya gaji.

Sai dai ki san abin da za ki saya. Wannan tsakanin kaka biyu ne a wurinsu, masu hunturu sun tafi, masu zafi ba su iso ba. Otal-otal da gidajen abinci da dama suna rufewa su huta, wasu motocin igiyar ana yi musu gyara, yanayi kuma ba shi da tabbas, yau rana gobe ruwa. Amfanin shi ne gidaje sun fi araha, kuma ba a matsa wa mutum sai ya kama daga Asabar zuwa Asabar kamar yadda ake yi a lokacin cunkoso.

Baban Khalifa:
Malam, na yarda ana yi, amma su waye ke yi? Waɗanda suka riga suka iya. Yaran nan ba su taɓa sa takalmin zamiya ba. Mai koyo yana buƙatar fili mai ɗan gangara a ƙasan tsauni, kusa da ɗakin ɗumi da banɗaki, da malami na kwana uku ko huɗu a jere. Ka kai ɗan shekara 6 kusan mita 3,000, ga iska ga ƙarancin numfashi, ranar da guguwa ta taso kuma a rufe motar igiya. In zamiya ce da gaske, a je a Janairu bayan ranar 6 ga wata, lokacin da hutun Kirsimeti ya ƙare farashi ya sauka, ko a Maris. A kauce wa Fabrairu, domin makarantun Ostiriya da na Holand da wasu sassan Jamus duk suna hutu a cikinsa, gidaje su yi tsada, layi ya yi tsawo.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, ba zan tura ba. Na tambayi yaran da kyau yanzu, ashe babban ne kaɗai ke son koyon zamiya sosai. Ƙananan so suke su taɓa ƙanƙarar, su yi wasa a ciki. Hakan ya canza wani abu?

Hajiya Mairo:
Ya canza komai, 'yata. In taɓawa da wasa ne, ku je ƙarshen Mayu ko cikin Yuni hankalinku kwance. Motar igiya za ta kai ku dandalin kallo na Kitzsteinhorn a mita 3,029, ƙanƙara tana nan a farkon zafi, yara su yi wasansu awa biyu ku sauko. A ƙasa ciyawa ta yi kore, an fara kora shanu makiyayar tudu, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Ku tambayi mai gida ko yana ba da katin baƙi na lokacin zafi na Zell am See da Kaprun. Ba kowane gida ke cikin tsarin ba, amma wanda ke ciki yana bai wa baƙinsa katin ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ana hawa motocin igiya da shi. Ga mutum shida, wannan kaɗai na iya sa gidan da ya fi tsada a takarda ya zama shi ne mai araha.

Ni damuwata surukarki ce, don na lura babu wanda ya yi maganarta. Tsofaffin gidajen gona na can, ɗakunan kwana a sama suke, matakalar katako ce mai tsayi da ƙunci. Ki tambaya ƙarara: akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? Wurin wankan na tsayuwa ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga? Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofa akwai tudu? Ki ce ya turo hoton matakalar, domin ita ce ba sa sawa a talla. Idan kuma Hajiya na da hawan jini ko ciwon zuciya, a tambayi likitanta kafin a hau da ita saman tsaunin. Sannan gona wurin aiki ce. Da asuba ake tatsar shanu, akwai ƙarar tarakta da warin taki da ƙudaje. Ni ina son hakan, shi ya sa nake zuwa, amma wanda ya zo neman shiru na otal zai ji haushi.

Injiniya Bashir:
Bari in ƙara maganar kuɗi, don farashin da kike gani a babban rubutu ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin sharar ƙarshe da ake caja sau ɗaya, a talla za ki ga an rubuta Endreinigung. Akwai harajin kwana, 'yan Yuro kaɗan a kan kowane babba kowane dare, a jihar Salzburg ba a karɓa a kan yaran da ba su kai 15 ba. Wasu gidajen suna karɓar kuɗin ajiya da za su mayar ranar tafiya, wasu suna cajin zanen gado da tawul daban, wasu har wutar lantarki bisa mita. Ki ce a rubuto miki jimilla guda.

Mafi muhimmanci shi ne sharaɗin fasawa. Damar kwana 14 da dokar Tarayyar Turai ta bai wa mai sayayya a intanet ya janye ba ta shafi masaukin da aka kama na takamaiman ranaku ba. Abin da ke cikin yarjejeniyarku shi zai yi aiki. In kuna buƙatar bizar Schengen, wato bizar shiga Ostiriya da yawancin ƙasashen Turai, ku kama gidan da za a iya fasawa kyauta har bizar ta fito. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ki roƙi mai gida ya sa sunayen mutum shidan a takardar tabbaci. Inshorar kuma ku karanta ta da kyau, da yawa ba su haɗa da zamiya ko ceto daga tsauni ba, jirgi mai saukar ungulu kuwa dubban Yuro ne. Lambar gaggawa 112, ta masu ceto a tsauni 140.

Maman Sadiq:
Nawa ƙananan abubuwa ne. Mun taɓa isa wani gida daren Asabar, washegari Lahadi kantunan ƙauyen duk a rufe, ba mu da ko madara. Ku yi cefane a hanya kafin ku isa. Ki tambaya ko akwai injin wanki, don yara da keke da laka ba sa rabuwa. Shara kuma rarrabe ta ake yi, takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban, kuma suna lura. Daga goma na dare a rage murya.

Malam Auwalu:
Tunda abin ya koma Yuni, na bi bayan Hajiya Mairo. Kekuna ku kama haya a can, kada ku wahalar da kanku da ɗauko naku, batirin keken lantarki ma ba a yarda a shiga jirgin sama da shi ba. Ku tabbata gidan na da ɗakin ajiya mai kulle da wurin caji, galibi ɗakin da ake ajiye kayan zamiya a hunturu ne. Hular kwano dole ce ga yaron da bai kai 12 ba. Ki buɗe taswira ki auna tazarar gidan da hanyar keke, ki duba bambancin tsayi, ba kilomita kaɗai ba. Gonakin da ke shimfiɗe a kwari wajen Maishofen ko Piesendorf ko Bruck sun fi dacewa da ku a kan wanda kika gani a gefen tsauni.

Maman Ilham:
Mun zauna da maigida, mun tsayar da Yuni da gona a cikin kwari. Babban yaron an yi masa alkawarin hunturu daban. Saura tambaya ɗaya: ta birnin Munik na Jamus za mu sauka. Mu kama mota ko jirgin ƙasa ya isa?

Injiniya Bashir:
Jirgin ƙasa yana kaiwa har Zell am See, amma sai an canza a hanya, ga akwatuna ga Hajiya. Tunda gona za ku zauna, mota ta fi muku, mai kujera bakwai, kuma ku kama da wuri don irinta ba ta da yawa. Ku nemi kujerar yara ga ƙananan biyu tun wajen yin rajista. Ku gaya wa kamfanin za ku tsallaka iyaka. Motar da aka ɗauko a Jamus ba lallai tana da shaidar biyan kuɗin babbar hanyar Ostiriya ba, wadda suke kira Vignette. Akwai ta kwana goma, ana sayenta a gidajen mai kafin iyaka ko ta intanet, kuma tarar rashinta ta ninka kuɗinta sau da yawa. Ku kuma sanar da mai gida lokacin isowarku, domin yawancinsu daga uku ko huɗu na yamma suke ba da makulli, ba su da mai jiran baƙi da dare.