Abin da aka tattauna kan ƙibar goyon ciki

Ungozomomi da masu ciki a Kano sun yi ittifaƙi cewa goyon ciki ba lasisin cin abincin mutum biyu ba ne. Mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 gaba ɗaya, mai ƙiba sosai kuwa 5 zuwa 9. Watanni ukun farko ba sa buƙatar ƙarin abinci.

Inda aka fi zamewa shi ne sukari: lemon kwalba, zoɓo, fura, shayin safe. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake, ƙwai, kifi da zogale. Tafiyar minti 30 bayan la'asar ta wadatar. Amma kada a yi ta zama da yunwa.

Kumburin fuska ko nauyi ya hau farat ɗaya, a tafi awo ranar, a duba hawan jini.