Wanda ya taɓa ɗora wa ƙaramin jirgi inji mai nauyi, ya ba mu labari

Mai_Taru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jirgina na fiba ne, tsawonsa mita 5, shekara tara ke nan ina su da shi da inji mai doki 25, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Yanzu ya gaji, kullum muna hanyar makaniki. Na samu mai doki 40 fo-sitirok, wato irin wanda ba a haɗa masa fetur da baƙin mai, na hannu amma lafiyayye. Abin da ya tsaya min a rai shi ne nauyi: tsohon kilo 50 ne da 'yan kai, wannan kuwa ya doshi 100. Ga shi ƙafarsa doguwa ce, inci 20, allon bayan jirgin kuma daidai gajeriyar ƙafa aka yi shi, inci 15. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan sauyi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Tsohon_Masunci:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin maganar inji, duba allon da zai ɗauke shi. Ni ido ya cuce ni. Daga waje fes yake, fenti sai ƙyalli, ashe katakon da ke tsakiyar fiba ya daɗe da ruɓewa. Wata uku da ɗora sabon inji na ga tsaga siririya a kusurwa, na ce ai fenti ne. Ran da na kwance noti ɗaya na zare ƙusar, wani ruwa ja mai wari ya biyo ramin. Muka huda kaɗan, abin da ya fito kamar jiƙaƙƙen garin katako, kana matsewa da yatsu ruwa na ɗiga. Ka ɗaga ƙafar injinka sama, ka danna ta da ƙarfi, wani ya tsaya yana kallon allon. In ya ko motsa, to ka san inda za ka fara. Sannan ka nemi ɗan farantin da maƙera jirgin suka liƙa, a nan suke rubuta iyakar dokin da ya halatta.

Mai_Taru:
Na gode Baba. Farantin na nan, 40 aka rubuta, shi ya sa ma na yi ƙwarin gwiwa.

Makanikin_Inji:
Kada lambar nan ta ruɗe ka, Malam. Yawancin tsofaffin jirage lokacin da aka yi musu lissafi, injin haɗin mai ake da shi a zuciya, shi kuwa mai doki 40 ɗinsa bai cika wuce kilo 70 da wani abu ba. Doki ɗaya ne, nauyi daban. Ga gwaji mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika jarka biyu masu lita 25, ka ajiye su manne da allon baya, tsohon injin na wurinsa, ka zauna inda ka saba zama. Abin da ka gani, shi za ka gani gobe. Sabon injin ma zai ɗan fi haka, tunda shi a waje yake rataye.

Dan_Kalli:
Da na san da wannan gwajin da ban sha wahala ba. Ni allo na gyara shi tsaf, ba abin da ya same shi har yau. Matsalata gindin jirgin ne ya nutse. Ramukan da ruwa ke fita ta baya suka koma ƙarƙashin ruwa, maimakon ya fita sai ya riƙa shigowa. Ranar farko ina cikin gudu na saki mai gaba ɗaya, jirgi ya tsaya, igiyar ruwan da na tayar ta biyo ni ta haura allon ta zubo min har idon sawu. Ni da ƙanina muka yi ta kwarfa, ba mai ce wa wani uffan. Na mayar da batir da tankin mai can gaba, ya yi sauƙi, hancin ya daina harbawa sama. Amma duk ran da mu biyu muka taru a baya wajen jan kalli, gabana faɗuwa yake. Ƙarshe na sayar na koma mai doki 30, na samu barci.

Kafintan_Jirgi:
Maganar ƙara wa allon tsayin inci 5 don ya dace da doguwar ƙafar nan, ina roƙonka kada ka bari a ɗora maka guntun katako a sama a buga ƙusa. Na karɓi gyaran irin wannan ba sau ɗaya ba, daidai mahaɗar yake karyewa, don a nan injin ke turawa yana ja. Yadda nake yi: in yanke fatar fiba ta ciki, in bar ta waje, in kankare ruɓaɓɓen katako kaf, in bar wurin ya bushe sosai. Sai in yanka filawud na ruwa mai kauri milimita 18, falle biyu, tun daga ƙasa har sabon tsayin a guntu ɗaya, in haɗa su da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsa shi. A bi da fiba ta lanƙwasa ta kama gefuna da ƙasan jirgin, a sa tokara biyu daga allo zuwa ƙasa. Ramin ƙusa kuwa, ka huda shi ya fi girma, ka cike da efoksi, in ya daskare ka sake hudawa daidai. Ta nan ruwa ke shiga tun asali. Kuma inji irin wannan ba a barinsa da maƙalai biyu na hannu, sai ƙusoshi masu noti da faffaɗan faranti daga ciki, in ba haka ba washa za ta nutse cikin fiba.

Abu_Ruwa:
To ni dai kada a tsorata mutum da yawa. Na yi, kuma ban yi nadama ba. Mai ya ragu, hayaƙi babu, ina jin maganar abokin tafiyata ba sai ya yi ihu ba. Sai dai nawa jirgin faffaɗa ne ta baya, ina jin shi ya rufa min asiri.

Makanikin_Inji:
Shi ne kuwa, faɗin baya ke ɗaukar nauyin. Abu ɗaya na manta: faifan da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgin, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ka ɗora doguwar ƙafa a gajeren allo, za ta nitse da yawa, ta ci maka gudu da mai, ta riƙa watsa ruwa. In faifan ya yi sama kuma, kana karya kwana farfela ta sha iska, inji ya yi ta kuka a banza.

Mai_Taru:
Na dawo da rahoto. Jiya na yi gwajin jarka. Ni kaɗai a ciki, ramukan baya sun tsira da kamar yatsa biyu. Da yarona ya matso kusa da ni, ruwa ya fara leƙowa. Na kuma zare ƙusa ɗaya kamar yadda Baba ya ce, ta fito a jiƙe, baƙi ƙirin. Allo dai dole a sake shi ko da wane inji zan ɗora. Malam kafinta, in na kankare, kwana nawa zan bar shi ya bushe kafin in sa sabon katako?